Asibitin da Aka Kawar da Jira

A wani daji da ke gabas da babban kogi, an taɓa kawar da jira gaba ɗaya, kamar yadda aka kawar da agana. Wannan ba jita-jita ba ce. Shugaban majalisar lafiya, Alhaji Raƙumin Dawa, shi ya faɗa da bakinsa, kuma daga inda kansa yake babu wanda ya kai shi hangen nesa.

Kafin wannan nasara, asibitin dajin abin kunya ne. Marasa lafiya na kwance, 'yan uwansu na zube a gindin tsamiyar tsakar gida da tabarmi da kwanuka, ana fifita, ana "ya mai jiki?" tun hantsi har la'asar. Cikin masu jinyar akwai wani tsohon kunkuru, Malam Jatau, wanda matarsa Tabawa ke fama da ciwon ƙirji. Kullum shi ke dama mata kunun tsamiya, ya zauna bakin gadonta, tana sha tana kushewa.

"Tsamin ya yi yawa, Malam."

"Jiya kin ce bai ji ba."

"Jiya daban, yau daban."

Da damina ta faɗi, Dakta Shamuwa ta dawo daga karatu a ƙetare da kwamfuta a hammata. Majalisa ta zauna, ta kunna musu.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "na gina asibitinku a cikin wannan na'ura, ɗaki bayan ɗaki. Kowane ɗigo da kuke gani yana motsi, dabba ce. Ku dubi gindin tsamiya yadda suka cunkushe. Ɗigon da ya tsaya ɓarna ne. Duk abin da ba ya ƙara wa majinyaci lafiya, a datse shi. Masu jinya su koma wajen ƙofa. A kaɗa ƙararrawa su shigo dubiya, a sake kaɗawa su fita. Na gwada wannan tsari a nan ciki sau ba adadi, kuma ko ɗigo ɗaya bai yi ƙorafi ba."

Aka yi tafi. Malam Jatau ya miƙo wuya daga baya.

"Likita, Allah ya ƙara basira. Cikin ɗige-ɗigen nan, wanne ne ni?"

"Baba, ai a nan kowa ɗaya ne. Na haɗa saurin barewa da na zomo da naka, na raba muku daidai. Lokacin dubiya ya ishi ɗigo ya je, ya gaisa, ya dawo."

Malam Jatau ya ji daɗi ƙwarai. Tunda yake ba a taɓa ba shi kaso a gudun barewa ba.

Gaskiya tsarin ya yi aiki. An matso da ɗakin magani kusa da majinyata, layin karɓar kati ya ɓace, tsakar gida ta zama fes, har ana jin faɗuwar ganye.

Ranar farko Malam Jatau ya riga kowa zuwa ƙofa, ƙwaryar kunu a gadon bayansa. Aka kaɗa ƙararrawa, jama'a suka wuce shi fuu. Yana isa gindin tsamiya, wato rabin hanya, aka kaɗa ta fita. Daga nan ana hango tagar ɗakin mata. Ya tsaya ya dube ta, sannan ya juya.

Washegari ya bar gaisuwar hanya. Ya wuce abokinsa Guza ko sallama babu, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Wannan rashin kunya ya ƙara masa tafiya daga gindin tsamiya zuwa ƙarshen inuwarta.

Sai ya je wurin Beguwa mai gadi.

"'Yar'uwa, don Allah ki bar ni in fara tafiya kafin ƙararrawa."

"Wallahi Baba, ba daga ni ba ne. Kwamfuta ta ce kana isa."

"Ta ce ina isa?"

"Har ma ka dawo, da sauran lokaci."

Malam Jatau ya koma gefe ya jira ƙararrawa. Shi ba mai musu da masu ilimi ba ne.

Maƙwabciyarsa Hajiya Barewa, wadda ke zuwa duba surukarta har hira ta ƙare musu lokaci bai ƙare ba, ita ta riƙa karɓar ƙwaryar a hanya tana kai wa Tabawa. Idan ta fito, ta tarar da shi a inuwar tsamiya, ya kafe taga da ido.

"Me ta ce, Hajiya?"

"Ta ce ya yi daɗi, ta gode."

Wannan magana ta tayar masa da hankali. Tabawa ba ta taɓa gode wa kununsa ba. Ya riƙa zuba tsamiya fiye da ƙima ko za ta aiko da faɗa, amma kullum godiya ce ke dawowa.

Ranar da majalisa ta yi bikin nasara, Alhaji Raƙumin Dawa ya sanar cewa yanzu gadaje na samun sababbin majinyata tun kafin lokacin da kwamfuta ta yi hasashe. Ana cikin tafi Hajiya Barewa ta fito daga ɗakin mata, a karo na farko tana tafiya a hankali. Ta ajiye ƙwaryar gaban Malam Jatau, cike yadda ya ba ta.

"Malam, sai haƙuri. Wata na tarar a gadon."

Ƙararrawa ta kaɗa. Ya ɗora ƙwaryarsa a baya, ya kama hanyar ƙofa, don kada tsayuwarsa ta jawo cunkoso.

A cikin kwamfuta kuwa, ɗigonsa ya je, ya gaishe ta, ya dawo, da sauran lokaci.