Farfesa Tsaya-Cak da Zarra Mai Siffar Ƙwai

Kai, Allah ya yi wa sashenmu gata da ya ba mu Farfesa Tsaya-Cak! Mutum ne da in ya shigo ɗakin gwaji kowa sai ya ƙame, har mai shara da tsintsiyarta a sama. Shekara ashirin yana ganin haka, har ya ɗauka duk wata halitta haka take yi a gabansa.

Aikinsa haska ƙwayar lu'ulu'u da na'ura, a ga yadda ƙwayoyin zarra suka yi sahu a cikinta. To, su waɗannan ƙwayoyin ba su da ladabi. Zafi na taɓa su sai su hau karkarwa, hoton ya fito dishi-dishi kamar an ɗauki akuya tana gudu. Shi ya sa aka kafa bututu mai hura musu iska mai tsananin sanyi, don su natsu.

Farfesa kuwa mura gare shi, ba ya shiri da sanyi. Ya ce a kashe bututun.

Dattijuwar da ke kula da na'urar ta ce, "Ranka ya daɗe, za su yi motsi fa."

"Motsi? Ina tsaye a nan? Baiwar Allah, yi abin da aka sa ki."

Hoton ya fito, kowace zarra ta miƙe ta zama kamar ƙwai. Da wani ne, da tuni ya ji kunya. Namu gwanin sai ya buga tebur ya ce ya gano sabuwar zarra da duniya ba ta taɓa gani ba. Ya raɗa mata sunansa, ya ɗinka sabuwar riga, ya gayyato masana daga jami'o'i uku su shaida. Uwargidansa ma ta gama sanar da maƙwabta.

Ranar taro ya yi awa guda yana yabon ƙwansa. Da ya gama, wata baƙuwa ta ɗaga hannu. "Farfesa, a wane sanyi aka ɗauki hoton nan?"

"Ilimina ba ya buƙatar firji! Amma tunda hassada ta motsa, a kunna bututun, kowa ya gani da idonsa."

Ya naɗe wuya da mayafi, ya harɗe hannuwa. Sanyi ya sauka. A kan allo ƙwan nan suka fara tsukewa, suna tsukewa, har suka koma ɗigo-ɗigo, zarra ta yau da kullum da ke cikin littafin 'yan aji ɗaya. Wayyo, wallahi har tausayi ya ba ni. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai takardar jawabinsa tana kaɗawa a hannunsa.

Dattijuwar ta dubi allon, ta dube shi, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, su dai sun natsu. Saura kai. In juyo maka da bututun?"