Almakashin Mai Girma

Jama'a, ranar Talata na sha zagi a asibitin haihuwa na unguwarmu a Sabon Tasha, kuma ni na jawo wa kaina.

Matata Rhoda cikin fari ne gare ta. Wata tara matan gidanmu suna tsorata ta. Maƙwabciyarmu Maman Nkiruka ta ce mata, "Ki ciji bakin zani kawai, naƙuda ba ta da magani." Rhoda ba ta taɓa jin ana rage zafin haihuwa ba. Ni kuwa sarkin sauraren rediyo, na ji cewa tunda soja sun koma bariki, Mai Girma ɗan majalisarmu ya kawo wa asibitinmu injin iskar da mace ke shaƙa zafi ya lafa. Na bugi ƙirji na ce mata, "Ke kam da murmushi za ki haihu."

Mun isa da hantsi tana murƙususu. Ga inji kuwa, sabo fil a leda, an ɗaure shi da jan ƙyalle, ga almakashi a faranti.

Na ce wa nas, "Sista, a kunna mana."

Ta ce, "Ba a ƙaddamar ba, Oga. Sai Mai Girma ya yanke ƙyalle ranar Alhamis. Madam ba za ta iya riƙewa zuwa jibi ba?"

Rhoda ta cakumi wuyan rigata. "Ishaku, ina murmushin?"

Na ruga wurin Malam Tanko, shugaban asibitin. Ya ce in aka yage ledar, hoto ba zai yi kyau ba. "Amma ta riƙa kallon injin, wasu sun ce yana taimakawa."

Awa bakwai tana kallonsa tana kurma ihu tana zagina. Ni ina bakin ƙofa, tsoro da kunya sun hana ni zama.

Da la'asar 'ya mace ta faɗo lafiya. Aka nemi almakashin yanke cibiya, ashe masu ƙawata rumfar bikin ƙaddamarwa sun ara. Sista ta ɗauko na farantin, ta tafasa, ta yanke.

Saboda haka ina jinjina wa Mai Girma. Da almakashinsa aka ƙaddamar da 'yata, aiki ɗaya tak da aka kammala a mazaɓarmu bana.

Jiya Malam Tanko ya aiko, wai Rhoda ta cusa filo a riga ta zo ta shaƙi iskar a gaban 'yan jarida. Ta miƙo mini filon, ta ce kada in manta da murmushi.