Ƙwayar Masarar da Ta Firgita Kwamfuta

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da makon da aka kawo kwamfuta ofishinmu na aikin gona a Funtua ba. Bai fi shekara guda da ba mu jihar Katsina ba, ana tsakiyar bazara, manoma sun fara kallon gabas. Ni a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a sito, ƙarƙashin Malam Dauda, dattijon da ke kula da irin shuka. Aikina in ƙirga ƙwayar masara ɗari, in jera a kan jiƙaƙƙen buhu, bayan 'yan kwanaki in dawo in ga nawa suka tsiro. Shekara uku ina wannan aiki, har a mafarki ƙirgar masara nake yi.

Sai ga kwamfuta. Wata farar akwati ce mai nauyin buhun taki, da gilashi irin na talabijin, da faya-fayai goma sha biyu masu kama da yankan kwali. Sai an ɗura mata abin da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya kafin ta san hagunta da damanta. Manajanmu, Alhaji Sani, ya tara mu ya ce mutum ɗaya za a tura kwas Kaduna, kuma wanda ya je shi zai riƙe na'urar. Ya ce ranar Alhamis wata injiniya za ta zo ta haɗa ta, ita za ta ba da shawarar wanda ya dace.

Na ce a raina ko ana ha maza ha mata ni ne zan je, don na gaji da masara. Kuma ina da wani ciwo da har yau bai gama sakina ba: idan na san abu kaɗan sai in ji kamar ni na ƙirƙiro shi. Na ɗauki littafin da ya zo da na'urar na karanta shafi goma (littafin ya fi shafi ɗari huɗu), na wuce ofishin Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ai ba sai mun jira Alhamis ba. Zan iya haɗa ta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka tabbata?"

"Ai duk a rubuce yake, ranka ya daɗe."

Ya miƙo min mabuɗin ɗakin. Ɗakin nan shi kaɗai ke da na'urar sanyaya wuri a duk ofishin, shi ya sa tun da daɗewa Malam Dauda ke ajiye gwangwanayen samfurin irinsa a can, kan wata kanta a bayan ƙofa.

Ranar Talata da hantsi na yi bisimilla na zura faifai na farko. Na'urar ta yi gurnani, ta fara jero min tambayoyi da Turanci, ina amsawa ina kaɗa ƙafa. Can ta tambaya wane irin gilashi ne gare ni, mai launi ɗaya ko mai launuka. Yo wa zai zaɓi launi ɗaya alhali ga mai launuka ana ba shi kyauta? Na danna mai launuka. Nan take rubutun ya kama rawa, layuka suka riƙa gudu daga sama zuwa ƙasa kamar talabijin idan iska ta juya eriya. Na ɗan mari gefenta kamar yadda muke yi wa rediyo, ba ta daina ba. Na ƙanƙance ido na ci gaba da zura faya-fayai. A na shida ta yi ƙara tana ƙorafi, na danna mata ta wuce, don ban ga dalilin da inji zai yi min gardama ba.

Da na gama na kashe ta na kunna. Ta yi gurnani, ta zubo rubutu, sai ta tsaya cak. A cikin layin ƙarshe na tsinci kalmomi biyu: kernel da panic.

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Ta biyun na duba ƙamus, ya ce firgita. Ta farkon kuwa ko ƙamus ban nema ba, don shekara uku ina cike takardar gwajin iri, kuma a saman kowace takarda wannan kalmar ce ke zaune, ma'anarta ƙwayar hatsi. Na haɗa biyu da biyu. Ƙwayar masara ta faɗa cikin na'ura, na'ura ta firgita. Na waiwaya na kalli gwangwanayen Malam Dauda, na girgiza kai irin na wanda ya kama ɓarawo.

Washegari na kwashe gwangwanayen kaf na jibge su a baranda cikin rana. Malam Dauda ya taho da sauri yana gyara hula.

"Kai yaro, mi iri ya yi maka? Zafi zai kashe shi!"

"Malam, irinka ne ya shiga injin gwamnati. Ita da kanta ta faɗa."

(Ku lura, mutumin nan shi ya koya min aiki, kuma ya girmi mahaifina.)

Ya ja gwangwanayensa zuwa inuwar darbejiya. Ni kuwa na samo sukundireba na kwance murfin akwatin. Na aro famfon keken maigadi na yi ta hura ciki. Na je wurin mai abincin bakin ƙofa na aro faifanta, faifai na gaske wanda ake bakace da shi, na tara a ƙasa, na karkata na'urar ina jijjigawa. Gumi ya jiƙa min riga. Ina sunkuye sai na ji ƙwas! Na duba faifai, ga ƙwayar masara guda ɗaya, fara tas, tana kallona.

Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Na sa ta a ambulan na liƙe, na rubuta a baya: "An gano ta, an cire ta." Na mayar da murfi na kunna, kalmomin nan biyu suka sake fitowa. Ko a jikina. Na ce watakila akwai 'yan'uwanta a ciki, ko kuma firgicin ne bai gama sakinta ba.

Ranar Alhamis injiniya ta iso. Ina zaton zan ga wata baƙuwa daga Ikko, ashe Kemi ce, 'yar wani Bayarabe mai sayar da atamfa a kasuwar Funtua. A nan aka haife ta, ta yi jami'a a Zariya, Hausarta kuma ta fi tawa gishiri. Kuma don Allah ya nufa in sha kunya da shaidu, ranar ce malaman gona na Dandume da Gozaki suka zo ɗaukar iri. Duk suka cika ɗakin don su ga na'ura su kuma sha sanyi.

Alhaji ya nuna ni ya ce, "Ga wanda ya fara aikin." Na gyara tsayuwa na yi bayani dalla-dalla, har da nuna yadda na karkata akwatin, sannan na miƙa mata ambulan da hannu biyu. Ta yage, ta zazzage a tafinta. Ta kalli ƙwayar, ta kalli gilashin, ta kalle ni.

"Malam, mi ke nan?"

"Ita ce ta firgita ta," na ce, har da ɗan murmushi.

Na ga ta cije leɓe. Ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Da ta juyo idonta ya kawo ruwa, amma ta daure ta yi magana a hankali.

"Malam, wannan kalma a nan ba masara take nufi ba. Sunan zuciyar tsarin ne, wanda ke juya komai a cikin na'urar. Aron sunan kawai aka yi, don shi ne a can ciki kamar ƙwaya a cikin ɓawo. Cewa take yi zuciyar ta rikice, ba za ta iya ci gaba ba."

Wani malamin gona daga Gozaki ya fashe da dariya, sauran suka bi. Har Alhaji sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ina neman inda zan sa kaina sai Malam Dauda ya matso, ya karɓi ƙwayar ya juya ta.

"Hajiya injiniya, irin da nake ajiyewa a ɗakin nan duk ja ne, kuma a rufe yake. Wannan fara ce. Irin wadda yaron nan ya ƙirga ranar Litinin ce." Ya kalli aljihun gaban rigata. Na sa hannu, na fito da guda uku.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Kemi ta zauna ta fara aikinta. Ta tambaye ni me da me na danna, sai na ciro ɗan littafin aljihuna, don a sito an saba mana da rubuta duk abin da muka yi, daidai ko kuskure. Ta bi shi layi-layi. Cikin minti kaɗan ta gano ɓarnar. Gilashinmu mai launi ɗaya ne, kore, ni na ɗora masa abin da ba zai iya ba. Faifai na shida kuma ashe na tara na zura, don da hannu aka rubuta lambar ni kuma na riƙe shi a kife. Ta goge komai ta sake daga farko. Kafin azahar rubutu ya tsaya cak, kore shar, na'ura tana jiran umarni.

Alhaji ya ce in kwashe gwangwanayen in mayar, daga nan in wuce sito. Na san magana ta ƙare. Ina ɗauke da gwangwani na tsaya gaban Malam Dauda na ce ya yafe min. Ya ce, "Ba komai, ɗauki na ƙasan nan da kyau." A nan na ji muryar Kemi daga ciki.

"Alhaji, in shawarata kake so, shi za ka tura. Ya kwance na'ura ya mayar ko ƙusa ɗaya bai ɓatar ba, kuma ya rubuta kuskurensa da hannunsa. Ma'anar kalma a yini ɗaya za a koya masa."

Alhaji ya leƙo ya tambayi Malam Dauda ko zai iya sakina. Dattijon ya ce, "A tura shi, ranka ya daɗe. Irina zai fi samun lafiya."

Haka na je Kaduna, na kuma riƙe na'urar nan shekaru. Sai dai abokan aiki sun laƙaba min suna Mai Ƙwaya, sunan da ya bi ni har Malumfashi lokacin da na je neman aure. Sai da Malam Dauda ya hau mota da kansa ya je ya yi wa surukaina bayanin cewa ta masara ake nufi, ba wadda 'yan tasha ke haɗiya ba.

Tun daga ranar, kalmar da ban sani ba ba ta ba ni tsoro, don dole in tambaya. Wadda nake jin na sani kamar sunana, ita nake fara kai wa wani ya duba min kafin in je aron faifai.