Yadda Na Zama Sakataren Alhaji Sule

Shekarar da aka buɗe siber, wato shagon intanet, a Konni, ba mai tsone mini ido kamar Alhaji Sule, maƙwabcina a kasuwar albasa. Tare muka bar lakwal, wato makarantar boko, amma shi wani attajirin Abijan ke aiko wa oda ta intanet, ni kuwa sai rakiyar kamiyonsa mai lodin albasa da ido.

Na ƙudura sai na ƙwace attajirin nan. Na je siber ɗin na sayi tiken shiga, mai siber ya ce, "Baba, ka shiga da lambarka, don injin ya san kai ne."

"Mi za ka koya mini? Na yi lakwal tun ba a haife ka ba."

Na zauna inda Sule ya tashi, na tarar da akwatin saƙo a buɗe, ga sunan attajirin. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. Na rubuta masa cewa albasata ta fi ta kowa, ya saya wurina kaɗai.

Ashe Sule bai rufe akwatinsa ba, har lokacin shi injin ya sani. Da sunansa saƙon ya tafi, attajirin ya ninka masa oda.

Har yau in na gifta rumfarsa sai ya ɗaga murya: "Sakatare, taho ka sha shayi, akwai aiki!"