Rumbunan Alhaji Garanti

Duk wanda ya ce babu wayayye a ƙasar Bagwai, to bai taɓa biyowa ta Gamjin Zubair ya ga Alhaji Sha'aban ba. Allah Ya yi mana baiwa da mutumin nan, mu ne dai ba mu san darajarsa ba. Shekaru ya yi a Kano yana tsaron shagon wani mai kayan wuta, ya dawo mana da tumbi, da tabarau, da kalma ɗaya tak wadda ta fi ƙarfin garin nan kaf: garanti.

Kafin dawowarsa, wallahi a duhu muke. In za mu sayi abu sai mu ɗaga mu ji nauyi, mu ƙwanƙwasa mu ji ƙara, irin na mutanen ƙauye. Shi ya wayar mana da kai cewa garanti takarda ce da kamfani ke ba ka, in kaya ya lalace ka mayar a ba ka sabo kyauta. Tun daga nan Alhaji bai ƙara duban kaya ba, takarda yake duba. Ya tambayi mai ƙosai garanti. Ya tambayi wanzami, aska tana kan ƙeyarsa. A kasuwar Ɗanbatta ya nemi Bafulatani ya rubuta masa cewa ragon layya ba zai yi tari ba, Bafulatani ya ja ragonsa ya yi gaba yana waiwaye. Da gari ya laƙaba masa Alhaji Garanti, maimakon ya ji haushi sai ya sa aka rubuta masa a bayan babur, da jan fenti.

Ko ranar rabon gadon mahaifinsu bai ba mu kunya ba. Aka fito da fartanyar tsoho, ƙirar maƙeran garin nan, ƙotarta ta yi baƙi tana sheƙi don shan gumi. Alhaji ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya tambayi ina takardarta. Aka ce babu. Ya tura wa ƙanensa Khalilu, ya goge hannu a riga.

To, bara tsohon Sarkin Noma ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Dagaci Abdulmumini ya ce ba zai tsaya jin surutu ba: duk wanda rumbunsa ya fi cika da kaka, shi za a naɗa. Ai kuwa ko shuka ba a yi ba Alhaji ya gina sababbin rumbuna uku a bayan gidansa, manya-manya, ya kuma sayo rawani ya ajiye cikin leda. Matarsa Hajiya Aina'u ta ce masa geron da ya rage a gidan da ƙyar ya kai su kaka, don haka a yi noman bana da hankali. Ya ce mata ta bar wa maza maganar maza.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya tsiro gwanin sha'awa, ciyawa ta biyo bayansa kamar yadda ta saba. Lokacin noman farko ke nan, kuma ko yaron goye ya san gero ba ya jiran kowa. Alhaji ya tafi Kano ya dawo da kwalaye a saman mota. Bayan la'asar ya tare mu a ƙofar masallaci.

"Jama'a, zamanin jahilci ya wuce," in ji shi. "Kuna zuwa wurin maƙeri ya buga muku ƙarfe, ku ce wai yana da ƙarko. Ƙarko! Wa ya sa hannu a kan ƙarkon? Ina hatimi? Ni fartanyata ta Kamfanin Giwa Mai Fiffike ce. Ta karye, sabuwa. Ta lanƙwashe, sabuwa. Wanda ke da garanti ba ya asara har abada. Jibi akwai gayya a gonata, kowa ya zo ya ga ilimi."

Muka je, don Alhaji ba ya rowar tuwo. Ga kunu a tukwane, ga makaɗa da gangunan noma, ga majiya ƙarfi ashirin kowa da fartanyarsa a kafaɗa. Alhaji ya tsaya a bakin gona da lema, ya ce a tara tsofaffin ƙarafan nan a gindin ɗorawa. Aka farke kwalaye. Kai, jama'a! Fartanya ce ja wur, kowace cikin ledarta, da hoton giwa tana tashi sama. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Wani har haƙoransa ya duba a jikinta.

Ganga ta tashi, maza suka sunkuya. Sara na farko, ta Tasi'u mai nama ta naɗe kamar murfin gwangwanin madara. Muka zuba ido, muna jiran Alhaji ya faɗi sumamme. Ina! Sai ya wurgar da lema ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Kun gani da idonku? Sabuwa ta samu! Kawo ta nan!"

Ta biyu ta cire kai, kan ya tashi ya faɗa tukunyar kunu. Alhaji ya yi tsalle. Ta uku ƙotar ce ta rabe biyu. Alhaji ya manna wa makaɗi kuɗi a goshi. Makaɗan da suka ga inda riba take sai suka daina yi wa masu noma kirari, suka koma jiran ƙarar karyewa, ana jin ƙas sai su saki kiɗa. Samari kuwa suka shiga gasa, kowa na neman ya riga wani karya tasa. Ban taɓa ganin gayya mai daɗin wannan ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi ba sauran fartanya mai rai, abin da aka nome kuma bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba.

Khalilu ya matso a hankali ya ce, "Yaya, ga namu can a gindin ɗorawa. Bari mu ɗauko mu gama maka kafin azahar."

Alhaji ya gyara tabarau. "Ƙarfen da ba shi da takarda ba zai taɓa gonar Sarkin Noma ba. Ku ci tuwo ku tafi."

Muka ci, muka siɗe kwano, muka tafi.

A nan dole in yi wa kamfanin adalci: wallahi ba su ci amanarsa ba. Ya kwashi gawarwakin ya kai Kano, suka ba shi kujera, suka ba shi lemo mai sanyi, suka ce sababbi suna hanya daga Legas, ya ɗan yi haƙuri. Don ban haƙuri ma, kowace ɗaya za su ba shi biyu. Alhaji ya dawo yana ba da labarin lemon nan har sai da muka haddace kalar kwalbar.

Ruwan sama dai bai san da maganar Legas ba, ya ci gaba da zuba. Harƙiya ta miƙe, tafasa ta buɗe ganye, ƙarangiya ta kafa gari. Geron Alhaji ya yi rawaya, ya tsaya leƙe daga ƙasa. Mata suka gane gonar ta fi ko'ina ganyen kwaɗo. Jakin liman ya shiga ya yini ba a gan shi ba. Wasu Fulani suka yi sallama da ladabi suka tambayi nawa za a sayar musu da makiyayar. Shi kuwa gogan naka kullum da yamma yana kan babur a bakin gona yana nuna wa masu wucewa.

"Ku dubi kore! Gonar wa ta kai tawa kore a ƙasar nan?"

Gaskiya ne, babu.

Sababbin suka iso muna tsakiyar noma na biyu, guda arba'in cif. Kowa na fama da tasa gonar, sai Alhaji ya ɗauko 'yan ƙwadago daga wajen Bici. Ciyawar da ta karya fartanya tun tana jaririya, yanzu ta zama uwa. Ba a kai ga shan kunu ba aka gama da su. Alhaji ya zauna a kan kwali ya yi lissafi da yatsu, fuskarsa ta washe: ashirin ta haifi arba'in, arba'in za ta haifi tamanin.

"Ku faɗa mini," ya ce da mu a ƙofar masallaci, "wane iri ne yake ninka kansa sau biyu a damina ɗaya, ba taki, ba feshi? Ku kuna can kuna karya ƙugu. Ni daga zaune nake yabanya."

Hajiya Aina'u ta aika masa magana har zaure cewa ta fara jin ƙasan buhu da kwano. Ya ce a gaya mata arziki yana hanya. Arziki kuwa ya yi ta isowa a bayan akori-kura, ana karyawa kamfani na ninkawa, kwali kan kwali. Ɗaki ya ƙi ɗauka, zaure ya ƙi ɗauka, sai Alhaji ya tuna yana da rumbuna uku da ba kowa a ciki.

Kaka ta yi. Gari ya cika da ƙamshin sabon gero, amalanke na ta kai da kawo. Abin da aka tsinto a gonar Alhaji jaki ɗaya ya kwaso, kuma a guje ya zo gida.

Ranar zagayen rumbuna Dagaci ya iso da dattawa, mu 'yan kallo muna biye. Alhaji ya tarye su cikin babbar riga, ledar rawani a hammata. Aka kafa tsani, Dagaci ya hau da tsufansa ya ɗaga murfin rumbun farko. Ya daɗe yana kallo. Ya hau na biyu. Na uku bai hau ba, ya ce gwiwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji, "gero ƙwaro na cinsa, ɓera na cinsa, mutum na cinsa ya ƙare. Wannan kuwa ba ta ƙarewa. Ka ce rumbun da ya fi cika. To ga su nan, har baki."

Dagaci ya karkaɗe hannu ya ce madalla, lallai sun cika. Sannan ya ce sarauta ta Khalilu ce, wanda ya nome gonarsa da baƙar fartanyar nan ta gado har sai da ya ari rumbun maƙwabci. Ya ƙara da cewa tunda ga rawani a kusa, Alhaji ya taimaka wa ƙanensa da aro. Dattijo ɗaya ya zare ledar daga hammatarsa cikin girmamawa.

Da wani ne, da ya nutse a ƙasa don kunya. Ban da Alhajinmu. Ya yi murmushin tausayi, ya ce dama sarautar da ba ta da takarda ba ta dame shi ba, gobe ana iya warware ta. Don ya nuna gidansa gidan wadata ne, sai ya zaunar da Dagaci a zaure, ya ɗaga murya.

"Hajiya! A kawo wa baƙi abinci!"

Can sai aka turo babban akushi daga ƙofar cikin gida, a rufe da sabon faifai, ga ƙamshin miyar kuka da man shanu na tashi. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla da ƙarfi, ya ɗaga faifan a gaban Dagaci da dattawa. Kan fartanya ne ja wur, kwance a tsakiyar miya, giwar tana leƙowa da fiffikenta.

Daga bayan zana muryar Hajiya Aina'u ta fito, a natse, ba faɗa.

"Abin da ka noma ke nan, Alhaji. Ci mana. In bai yi daɗi ba, ka mayar a ba ka sabo."