Kunun Gyaɗa a Ƙahon Bijimi

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da surukanmu na ƙasar Norway suka shigo gidanmu a Malumfashi. Ko na so in manta ma, mutanen gidan ba za su bar ni ba.

Murna 'yar yayana ce. Mahaifinta ya rasu tana sakandare, ni na ƙarasa riƙonta. Ta tafi waje ƙaro karatun jinya, sai ta dawo mana da labarin wani saurayi Bature, wai zai zo da mahaifiyarsa a gaisa kafin a sa rana. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. Tsorona ɗaya ne: kada baƙin nan su ga tarba sama-sama su ce ai marainiya ce, ba ta da gata. Na yi wa kaina alkawari Murna ba za ta ji rashin uba ba a wannan rana.

To ni malamin gona ne, takin masara da tsutsar auduga na sani. Amma ina da wata cuta, kallon shirye-shiryen tarihi a talabijin. (Matata Saratu kan ce da ana ba da digiri a gaban akwatin nan, da tuni na zama farfesa.) A makonnin nan kuwa wata tasha ta yi ta maimaita shiri kan allolin mutanen arewacin Turai na da can. Na ga wani ƙato mai jan gemu da guduma, wai shi ke sa tsawa. Na ga babbansu, tsoho mai ido ɗaya, da hankaka a kowace kafaɗa. Na ga jarumai da hular ƙarfe mai ƙaho sun cika dogon zaure, kowa na sha da ƙahon sa. Jefi-jefi sai a nuno wani dattijo mai tabarau a gaban tulin littattafai yana bayani a natse. Na ce mutumin da ke zaune gaban littattafai haka ai ba zai yi ƙarya ba. Shi ne ya ce a wurinsu babu karramawar da ta kai a miƙa wa baƙo abin sha a ƙaho. Na buga cinya na ce shi ke nan, na samu.

Ranar kasuwa na hau mota sai Funtua, wajen mahauta. Da na ce ƙaho nake nema, Alhajin da na saba sayen nama a wurinsa ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko aikin gwamnatin ya ƙare ne zan koma wanzanci. Na ce masa harka ce ta ƙasa da ƙasa. Ya zaɓo mini na wani farin bijimi, dogo, mai kyan lanƙwasa. Na kawo gida na dafa, na kankare, na goge da toka da lemun tsami, na shanya a kan rufin kwano. Saratu ta ce tukunyar da na dafa shi a ciki ta bar mini har abada. Murna kuwa na ɓoye mata, don ina so abin ya ba ta mamaki. Ya kuwa ba ta.

Ran da suka iso tsakar gida ya cika: Fasto, dattawan coci, maƙwabcinmu Malam Sani da iyalinsa, ga dangi daga Ƙarfi. Angon dogon yaro ne mai kunya, ba gemu ba guduma. Mahaifiyarsa kuwa 'yar tsohuwa ce siririya, ta sha atamfar da Murna ta ɗinka mata, ɗaurin ɗankwalin ya karkace gefe guda. Bayan an ba su ruwa na miƙe da babbar rigata na yi jawabi da Turanci. Na ce muna maraba da jikokin mai guduma, 'ya'yan tsoho mai ido ɗaya. Fasto ya yi gyaran murya. Ban kula ba. Na shiga madafa na cika ƙahon da kunun gyaɗa mai zafi, na fito da shi da hannu biyu, na rusuna na miƙa wa tsohuwar.

Abin da talabijin bai gaya mini ba shi ne, ƙaho in ya ji zafi yana tuna asalinsa. Wani wari ya tashi kamar ana babbaka ƙafar sa. Na ji wata gwaggonmu tana raɗa wa ta kusa da ita, wai ƙaho za a yi wa Baturiyar ne? Murna ta rufe baki da mayafi.

Baiwar Allahn nan ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna kamar yadda na yi, ta kafa kai. Ta sha, ta huta, ta duba inda za ta ajiye. Ƙaho kuwa ba shi da gindi. Haka ta riƙe shi Fasto ya fara addu'a (Fastonmu bai san gajeriyar addu'a ba), da aka ce amin ta shanye sauran tas, idanunta sun kawo ruwa. Sannan ta tambayi Murna cikin ladabi ko ita ma amarya haka za ta sha ran biki, don wannan al'ada ta Hausawa tana da kyau amma tana son jarumta.

Murna ta juyo ta dube ni. "Baffa, wai al'adar wa ce wannan?"

Na ce, "Tasu mana."

Angon ne ya fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. Da ya lafa ya yi mana bayani, Murna na fassara wa jama'a. Ya ce labaran nan na kakannin kakanni ne, su ma tatsuniya suke ɗaukarsu. Hular ƙahon masu wasan kwaikwayo ne suka ƙirƙiro ta. Ƙahon sha kuwa an yi amfani da shi a da, amma shi a gidan tarihi kaɗai ya taɓa ganinsa, a cikin gilashi. Masu shirin kan haɗa da gaskiya da ƙari ne don kallo ya yi daɗi. Mahaifiyarsa ma 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ce tun kafin a haife shi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na tsaya riƙe da bakin rigata, ina jin Malam Sani na tari irin na mai danne dariya. Gatan da na so in nuna, ga shi na mayar da yarinyar abin dariya gaban surukanta.

Sai tsohuwar ta ɗaga hannu. Ta ce ita ma kafin ta taso ta kalli wani shiri kan Afirka, ta ga ana sha da ƙaho, kuma tun a jirgi ta yi wa kanta alkawari duk abin da aka ba ta sai ta shanye, kada dangin Murna su ce uwar ango mai girman kai ce. Na miƙa hannu in karɓi ƙahon in je in binne shi, ta rungume abinta ta ƙi saki. Ta ƙara wata magana. Murna ta dube ni, ta fassara a hankali.

"Ta ce yarinyar da ubanta zai zauna ya dafa ƙaho saboda ita, ba a wasa da ita."

Ba wanda ya gyara wa tsohuwar cewa ni baffa ne. Murna ma ba ta gyara ba. Ni dai na ce hayaƙin madafa ne ya shiga mini ido.

Kallon tarihi ban daina ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ɗauki darasi: talabijin na iya gaya maka abin da kakannin mutum suka sha, abin da jikar za ta sha da safe kuwa ita ake tambaya. Ashe shayi take so, ba sukari.