Belin Ɗanyar Fata

Ba zan taɓa mantawa da shekarar farin nan ba, don wuya dai mun sha ta, babu wani kwaskwarima. Ruwa babu, hatsi babu, shanu suna zubewa a bakin hanya. Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya tsaya mini a rai har yau ba yunwar ba ce. Bel ne. Belin inji, wanda tsawonsa bai kai gaba biyu ba.

Lokacin ni planto ne, wato masinja, a wani biro, ofis ke nan, a nan Damagaram: shara, kai takarda, dafa wa shef, shugaban ofishin, shayi. Lakwal aji uku na yi aka kore ni (gara da aka yi hakan, ni da malamin duk mun huta). Abu ɗaya da ke sanyaya mini rai shi ne wani tsohon injin sassaƙa da na haɗa a zauren gidana. Ƙarafan wani Bature ne ya bar mini da zai koma ƙasarsu, abin da ke juya su kuma injin ban-ruwa ne, na saya da arha wurin wani mai lambu a Gidimuni da tafki ya ja baya. In na taso aiki sai in ɗaura guntun kirya, in kunna, itace na juyawa ina kanga masa ƙarfe mai kaifi har ya fitar da siffa. Ƙafar kujera, marfin tulu, tarkace dai. Ba sana'a ba ce. Matata Falmata "mai ƙarar banza" take ce masa.

Ran nan Alhaji Ari, mai sayar da hatsi a unguwarmu, ya ga wata ƙafar kujera da na yi. Ya ce zai aurar da ƴarsa, yana son ƙafafun gado huɗu irin na Kano, in na yi zai ba ni buhun gero. Buhun gero, a wannan shekarar! Ƴaƴana biyar, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidana, ita ma jar dawar taimako ce mai ɗaure ciki. Na ce ya zo Juma'a bayan masallaci ya ga ta farko da idonsa.

A satin nan bel ya tsinke. Na ɗinke da waya, ya sake tsinkewa. Na zaga gari kaf, babu. An rufe iyaka, kamyon Kano, manyan motocin kaya, ba sa shigowa, masu injin niƙa kuwa ko kallon nasu ba sa bari ka yi. Ina dawowa ta kasuwa sai na ga fatun shanun da suka mutu jibge, kusan kyauta. Na ce to, me ake da roba? Na sayi ɗaya na ɗora a ka.

Tsautsayi ya sa na bi ta majema, inda Kyari ƙanin matata yake jima. Ni da shi ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba.

"Shef, ina za ka da mushe a ka?" in ji shi. (Shef yake ce mini don ya san ni ke wanke kofin shef ɗin.)

Na ce, "Bel zan yi."

"Da wannan? Kawo in jiƙa maka a toka, in tuje gashin, in sa ta a bagaruwa. Sati biyu ka zo ka ɗauki belin da sai ya binne ka."

"Sati biyu? Alhaji Juma'a zai zo."

"To ka ce ya jira. Ɗanyar fata nama ce, Shef. Nama kuma ruɓewa yake yi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai me ka sani a inji? Ko sarƙar keke ba ka iya mayarwa. Ni shekara goma sha ina cikin takardun Turawa." (Ina cikinsu kam. Ɗaukarsu nake daga wannan ɗaki in kai wancan.)

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Ka ajiye mini wurin zama."

Na isa gida fatar ta bushe ƙamas, wuƙa ba ta shiga. Sai na juye tulu biyu na ruwa a kwatarniya na jiƙa ta. Wanda bai zauna Damagaram a lokacin ba ba zai gane girman wannan laifi ba. Falmata ta fito ta tsaya a kaina.

"Malam, ruwan da na yi wa layi tun asuba ka zuba wa mushe?"

"Da gero zan biya ki."

"Allah ya nuna mana," ta ce, ta koma ɗaki.

Na yanko tsiri mai faɗi, na ninka shi biyu, gashi daga ciki, na ɗinke da waya. Na je wurin mahauta na roƙo kitse na mulke shi don ya yi laushi. A raina ba gyara nake ba, ƙara wa injin daraja nake: nawa ya fi na Bature faɗi, ya fi shi kauri. Ran Talata na gwada, ya juya lafiya lau. Ai kuwa ban bar majalisa ko ɗaya ba. Na ce duk mai son ganin abin da hannun ɗan Damagaram ke yi, ya zo Juma'a. Sannan na lulluɓe injin da buhu don kada ƙura ta taɓa mini bel, na ja ƙofar zaure na rufe. Zauren kwano, tsakiyar bazara, kwana uku.

Tun ran Alhamis wari ya fara. Wani ramammen kare ya zo ya kwanta a ƙofar gida ya ƙi tashi. Na ce jakin maƙwabta ne ya mutu a bayan katanga. Har zagin maƙwabtan na yi.

Juma'a Alhaji ya iso cikin farar shadda, ƙanshin turare na tashi, da aminansa biyu. Ƴan majalisa suka cika zaure. Kyari ma ya zo, ya tsaya bakin ƙofa ya toshe hanci da hula.

Alhaji ya ce, "Malam, wani abu ya mutu a nan ne?"

"Jakin maƙwabta ne, ranka ya daɗe."

Na yaye buhu, ƙudaje suka tashi buu. Bel ya kumbura, ya yi wani kore-kore yana naso. Mai hankali a nan zai ce a yi haƙuri a dawo wani sati. Ni sai na ja igiyar inji.

Da farko ya juya. Ina kanga ƙarfe a jikin itace, sai bel ya fara santsi, ya ɗau zafi, ya soma feshi. Baƙin ruwa, yaf-yaf, a bango, a rufi, a fuskata. Na ɗaga kai na ga layi ɗaya miƙaƙƙe a rigar Alhaji, tun daga wuya har ƙasa, da ƙananan fararen abubuwa suna motsi a jiki. Wani ya ce, "Innalillahi, tsutsa!" Maimakon in kashe, wallahi cewa na yi, "Yanzu zai daidaita."

Fat! Ya tsinke. Ya tashi sama, ya kaɓe hular Alhaji, ya faɗa waje. Karen nan da ya kwana yana jira ya cafke ya zura da gudu.

Ni kuma na bi shi. Har yau ban san me zan yi da belin ba in na kama. Magidanci da furfura, ba takalmi, ina ratsa mutanen da ke dawowa daga masallaci ina ihu, "Ku tare shi! Nawa ne!" A wata kwana na samu na damƙi bakin fatar, kare na ja ina ja, yana gurnani ina zaginsa. Sai na ji wata tsohuwa mai sayar da dambu ta rafka salati.

"Wayyo Allah, abin har ya kai magidanci ƙwatar ganda a bakin kare! Bawan Allah, sakar masa. Zo ka karɓi wannan."

Ta miƙo mini dambu a ganye, sadaka, tana hawaye. Na saki fatar. Kare ya tafi da ita. Mutane sun yi da'ira suna kallona da tausayi, kuma tausayin nan ya fi dariya ciwo.

Da na dawo, Alhaji na tsaye a waje ana zuba masa ruwa a riga, sauran ruwan Falmata. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Na gode, Malam. Zan sa maƙera su yi wa yarinyar na ƙarfe." Buhun gero ya bi bayansa ina kallo. Kyari kuwa yana zaune a ƙasa riƙe da ciki, yana ta dariya.

Da magariba Falmata ta dire mini kwano. Na buɗe, tuwon gero. Na ce daga ina?

"Kyari ya aiko da tiya biyu. Ya ce a gaya wa Shef ya ci ya ƙoshi, tsere da kare na cin ƙarfi."

Na ci. Ina huci ina ci, yara na ci suna satar kallona. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi, daga masu rufe iyaka har kare, duk wanda na ɗauko sai in ga bai jiƙa fata ba, bai rufe zaure ba. Abin da na koya bai da yawa: in mutum ya shekara ashirin hannunsa na cikin fata ya ce maka za ta ruɓe, to za ta ruɓe, ko da ƙanin matarka ne, ko da bakinsa ya fi fatar wari.

Washegari da asuba na ɗauki tulunan Falmata biyu na shiga layin famfo cikin mata, suna nuna ni da baki. Da na kai ruwan gida, na naɗe ragowar fatar na ɗora a ka na nufi majema. Kyari ya dube ni ya dubi fatar.

"Sati biyu, Shef."

Na ce, "Ko uku ne."

Ya turo mini turmi da ƙafa, ya miƙo taɓarya. Na tattare riga na hau dakan bagaruwa.